Na kai wasan tambayoyi taron dangin mijina, kati ya faɗa kan surukata

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata ɗaya da wata huɗu a ɗakina. Dangin mijina suna taron zumunci duk Lahadin ƙarshen wata, ana zagayawa gida-gida. Tun da na fara zuwa abu ɗaya nake gani: a gaisa, a ci abinci, a haɗa kuɗin asusu, maza su kama hirar siyasa, matasa su duƙufa kan waya, ni kuwa in zauna kamar baƙuwa har a watse. A wurin aikinmu an taɓa kai mu taron bita aka yi mana wani wasa mai allo da katuna, ka jefa ƙwaya irin ta lido, ka matsa, ka ɗauki kati ka amsa tambayar da ke jiki. Ranar har waɗanda ba sa ga maciji da juna sai da suka yi dariya tare. Da zagaye ya zo gidana sai na sayi irinsa ta intanet. Mu 23 ne a falo. Katunan da Turanci suke, ni nake fassarawa. Da farko abin ya yi armashi. Can sai kati ya faɗa kan Yayan mijina mai mata biyu: wa za ka fara kira in ka shiga matsala da tsakar dare? Ya ce Hajiya, aka yi dariya, sai autansu ya ce, "A cikin matan fa?" Amaryar Yaya ta ɓata rai. Na gaba ya faɗa kan Hajiya surukata, na fassara kafin in yi tunani: ba mu labarin wanda kika fara so a rayuwarki. Falo ya yi tsit. Shekara uku ke nan da rasuwar Alhaji. Hajiya ta ce bari ta yi La'asar, ba ta dawo falon ba. Yanzu in na kira ta, gaisuwa kawai sai ta kashe. Maigidana ya ce na zubar masa da mutunci. Amaryar Yaya tana yaɗa cewa da gangan na zaɓi katin. Ƙannen mijina kuma sun dame ni wai in sake kawo wasan, saura mako uku taro. Anti, laifi na yi? In watsar da abin ne, ko akwai gyara?

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karon farko, Allah ya yafe mini, sai da na tuntsire da dariya a wurin "a cikin matan fa?", domin babu gidan da ba shi da irin wannan autan. A karo na biyu dariyar ta ɗauke, don a nan ne na lura da inda kika ce kin fi shekara kina zama kamar baƙuwa. Mace ta dafa, ta gyara falo, ta kashe kuɗinta don dangin miji su saki jiki da ita, sai abin ya juye mata. Da ciwo. Niyyarki mai kyau ce, ban yi shakkar wannan ba.

Amma tambayata kika yi ko kin yi laifi, kuma ba zan rufe ki ba: kin yi kuskure, ƙarami a wurin aikatawa, mai nauyi a wurin wadda ya faɗa wa. Kuskuren shi ne kin buɗe kwali a gaban mutum 23 ba tare da kin zauna kin karanta katunan ɗaya bayan ɗaya ba. Ko miyar da kika saba sai kin ɗanɗana kafin ki zuba wa suruka, balle wadda wani ya dafa a wata ƙasa.

Bari in ɗan yi miki bayanin waɗannan wasanni, don sai kin san abin da kika saya za ki gane inda aka yi tuntuɓe. Iri biyu ne a dunƙule, ko da yake a kasuwa duk kwalayensu kama ɗaya. Akwai na gwada sani, wanda shahararrensa shi ne Trivial Pursuit, da wasu 'yan jarida biyu, Chris Haney da Scott Abbott, suka ƙirƙira a birnin Montreal na Kanada a 1979. Tambayoyinsa kashi shida ne, irin su tarihi, labarin ƙasa, kimiyya da wasanni, kuma kowace tana da amsa guda a bayan katin. In ka faɗi, iyakarta a yi maka dariya a wuce. Sai na biyu, na buɗe zuciya, wanda amsarsa ba ta jikin kati, tana cikin cikinka. Naki daga wannan gidan ya fito. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Arthur Aron, shi da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 1997 da ya yi suna a wannan fage. Sun haɗa mutanen da ba su san juna ba, biyu-biyu, suka ba su tambayoyi 36 su amsa wa juna cikin minti 45. Tambayoyin hawa uku ne. Na farko mai sauƙi, kamar wa za ka so ka gayyata cin abinci a duk duniya. Sai a hawa na uku ake isa ga irin su yaushe rabonka da kuka a gaban wani. Waɗanda suka bi wannan tsari sun tashi suna jin kusanci da juna fiye da waɗanda aka ba hirar yau da gobe.

To ki duba sharuɗɗan da abin ya yi aiki a cikinsu. Mutum biyu ne kacal, babu 'yan kallo. Sa'o'in juna ne, ɗalibai. Kowa yana amsa tambayar da ya yi wa ɗan'uwansa. Ana hawa ne a hankali, ba a fara da ta sama. Kuma baƙin juna ne, babu wanda ya san inda wani yake da miki. A falonki babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙwaya ce take zaɓar wanda zai amsa, katunan a cakuɗe, uwa da 'ya'yanta da surukanta da jikokinta duk a da'ira ɗaya. A wurin aikinku abin ya yi daɗi ne don ma'aikata kusan tsara ne, kuma da an tashi kowa gidansa zai nufa da sirrinsa. Dangi kuwa ba sa tashi. Abin da aka faɗa ranar Lahadi yana nan har sunan jikan jika.

Akwai kuma abin da nake so ki riƙe sosai. Masu yin waɗannan katuna dabararsu ita ce kati ya ɗauke wa mutum nauyin tambaya, a ce ai ba ni na tambaya ba, kati ne. Ke kuwa da kika zama tafinta, wannan labulen ya yaye. Hajiya ba ta ji kati ba. Muryar matar ɗanta ta ji, da Hausa ƙarara, tana ce mata ba mu labarin wanda kika fara so. Ki tsaya a inda take. Mace ce da wataƙila ta yi shekara 40 ko fiye ba ta kama sunan mijinta da bakinta ba, ba ta kiran ɗan farinta da sunansa. In ta ce Alhaji ne, ta yi zancen soyayya a gaban 'ya'yanta maza, ta kuma fama rasuwar da ba ta gama warkewa ba. In wani ne daban, wannan ba ya faɗuwa ko a gaban aminiya sai an rufe ƙofa. In ta yi shiru, shirun ma amsa ne ga masu son fassara. Duk ƙofofin a rufe suke, sai ta buɗe ta alwala ta fita. Ni a ganina ta yi miki kara. Wata da a nan take za ta wanke ki tas. Gajeriyar gaisuwar da take yi miki yanzu, ina kyautata zaton rabinta fushi ne, rabi kunya, don ita ma ba ta san ta inda za ta ɗauko maganar ba.

Saboda haka ke za ki je, kuma cikin makon nan, kada ki bari sai ranar taro. Ban da waya, ban da saƙo a zauren WhatsApp na dangi, domin ban haƙuri a bainar jama'a tayar da zancen ne a karo na biyu. Ki zaɓi lokacin da gidan ba cunkoso, ki riƙe ɗan abin da kika san tana so, turaren wuta ne ko dambun nama, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, na yi wauta ranar nan. Ban duba abin da ke jikin takardun ba na kawo gabanku. Ki yafe mini." Shi ke nan. Kada ki shiga bayanin yadda wasan yake, ko yadda ya yi kyau a ofis, kuma kada ki maimaita tambayar ko da a sigar ba da labari. In ta ce ba komai, ki karɓa ko da fuskarta ba ta gama sakewa ba, ki ɗan zauna, ki kama mata wani aiki, ki tafi. In kuma kina jin ƙafarki ba za ta kai ki ke kaɗai ba, ki nemi wata gwaggon maigidan da Hajiya take jin maganarta ta yi miki jagora. Amma na fi son ki je da kanki, don shigo da ta uku yana girmama abin da ya kamata ya ƙanƙance.

Maigidanki kuma, maganarsa ta yi kaushi, na yarda. Yana falon lokacin da aka buɗe kwalin, bai ce a dakata ba, ƙila ma da shi aka yi dariyar farko. Sai dai ki tuna, shi ne wanda yayyensa za su kalla su ce matarka. Kunyar ce ta fito masa a sigar faɗa. In kika tsaya kan ai kai ma kana wurin, za ki ci gardama ki kwana da ɓacin rai. Ki gaya masa kin yanke shawarar zuwa wurin Hajiya, ki tambaye shi wane lokaci ya fi dacewa da kuma abin da za ki riƙe mata. Bayan ƙura ta lafa, wata rana kuna hira, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini a farkon wasiƙarki, cewa kin fi shekara kina jin kanki bare a taron gidansu. Ina zargin bai sani ba. Maza da yawa suna ganin in an kawo mace an ajiye ta cikin mata, an gama shigar da ita dangi. Da ya riƙa jawo ki cikin hira, ko ya haɗa ki da wata yayarsa ta riƙe ki, da ba ki kai ga sayen kwali ba.

Facalarki, amaryar Yaya, kada ki bi ta da rantsuwa. Kin san ba ki zaɓi kati ba, wanda ya ga an jefa ƙwaya ma ya sani. Amma ita ma an taɓa ta: an yi dariya a kan matsayinta a gaban kishiyarta, kuma auta ba ya kamuwa da laifi, sai aka nemi mai kamuwa. Ki kira ta ko ki leƙa, ki ce ba ki ji daɗin yadda wasan ya juya ba, ba ki nufe ta da komai ba. Sau ɗaya. Ki yi wa uwargidan Yaya irin wannan gaisuwar a rana guda, don kada gyaran ya zama wata ɓarakar. Autan kuwa aikin maigidanki ne ya ja masa kunne.

Yanzu batun taro mai zuwa. Kada ki kai komai. Ba gidanki ba ne, kuma miki bai rufe ba. Ki ce wa ƙannen mijinki sai an kwana biyu. Amma nacin da suke yi yana gaya miki wata gaskiya: ba ke kaɗai taron ya gundura ba, kuma abin da kika hango akwai shi. Don haka ban ce ki binne tunanin ba.

Abin da ya ba ni mamaki, mu da muka gaji wasan tambaya tun kaka da kakanni muke sayensa a kwali. Wace ce a cikinmu ba ta zauna a tsakar gida da farin wata an ce ƙulun-ƙulufita ta ce gauta ba? Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi. Ki lura da hikimar da ke cikin kacici-kacici: wanda amsa ta gagara ba ya tozarta, gari yake bayarwa, mai tambaya ya ci garin ya faɗi amsa, a wuce. Ƙofar fita a buɗe take tun kafin a fara. Sannan al'adarmu ta riga ta shata wanda zai iya tsokanar wa. Jika yana ce wa kakarsa matata ya ja mata zane, ba laifi. Taubasai suna yi wa juna tsiya son ransu. Matar wa da ƙannen miji akwai wasa. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, duk hanyoyi ne da aka share tun da daɗewa. Tsakanin suruka da matar ɗa kuwa kunya aka shimfiɗa. Kwalinki bai san wannan taswira ba, sai ya bi ta gonar da ba a ratsawa.

To ki yi naki. Ki sami kwali mai kauri ki yanka kati kamar 40, ki rubuta da Hausa. Ma'auninki ɗaya ne: duk tambayar da ba za ki iya yi wa wanda ya fi kowa girma a falon da bakinki ba, kada ta hau kati. Soyayya, kishi, haihuwa, albashi, bashi, wa kika fi so, wa ya fi ɓata miki rai, me kike nadama, duk ki bar su a waje. Ki cika da na sani da na tuna baya. A wace shekara naira ta maye gurbin fam? 1973. Yaushe aka koma tuƙi ta hannun dama a Nijeriya? 1972. Yaushe aka cire Katsina daga jihar Kaduna, Jigawa daga Kano? 1987 da 1991. Irin waɗannan suna da wani sirri: matasa masu waya za su yi ta lalube, tsofaffi kuwa sun gani da idonsu, kuma da wuya dattijo ya faɗi shekara ya yi shiru bai ɗora da labarin sulai da sisi da ahu ba. Hirar da kike nema ke nan ta ɓalle da kanta. Ki haɗa da kacici-kacici, da karin magana a faɗi rabi a ƙarasa, da na raha marasa ƙaya, kamar wane abinci ne ko an biya ka ba za ka ci ba. Tambayoyin addini ki ware wa yara, domin babba ya kasa kawo abin da ɗan Islamiyya ya sani a gaban 'ya'yansa, wannan ma wani katin Hajiya ne.

Mafi daɗinsu su ne na tarihin gidan, kuma a nan nake so ki yi wayo mai tsafta. Bayan kun shirya da Hajiya da 'yan makonni, ki tura wata jikarta, ko ku je tare, a ce ana so a haɗa wa yara tambayoyi kan asalin gidan. Daga wane gari kakan-kaka ya taso? Wace sana'a ya yi? Wa ya fara zuwa Makka a zuriyar, ta jirgi ko ta ƙasa? Wace unguwa aka fara zama a Kaduna? Wa aka yi wa laƙabi kaza, kuma me ya jawo? Ita za ta ba da amsoshin, ita za ta ce wannan a sa, wannan a bari. Ranar wasa kuma ita ce alƙaliya, ba a jefa mata tambaya, hukunci take yankewa. Kin mayar da ita kujerar da ta dace da ita, ke kuma kin koyi tarihin gidan da kika shigo, wanda zai yi miki amfani fiye da wasan kansa.

Sauran 'yan dabaru ne. Allon da aka yi wa mutum huɗu ko shida ba ya ɗaukar 23, jiran layi kaɗai ya isa ya mayar da kowa kan waya. Ki raba mutane rukuni uku ko huɗu, kowane da babba da matashi da yaro, su yi shawara su ba da amsa tare, ta yadda babu wanda ido zai yi wa yawa. In gidan maza da mata ba sa cakuɗuwa, a bar kowa a ɓangarensa, a yi maza da mata, wannan gasar ba ta taɓa rasa armashi. Kishiyoyi kuwa rukuni ɗaya za ki sa su, kada su fuskanci juna. Ki ajiye ƙwayar lidon, don akwai dattawa da malamai da ba sa son ganin ana jefa ta, suna danganta ta da caca. A zuba katunan a faifai ko ƙwarya, ƙaramin yaro ya riƙa zarowa. Kyauta ta tsaya a alewa da dabino, kada kuɗi ya shigo. Kowane rukuni yana da damar ba da gari. A fara bayan an ci abinci, a tsaya cikin rabin awa tun ana marmari, kuma kada ya ci lokacin salla. Mai karantawa kada ya zama ke. Ki ba wata ƙanwar mijinki mai baki, ko jikan da Hajiya take wasa da shi. Ke ki koma gefe ki yi dariya da kowa, ko da an manta ke kika kawo shawarar. Kuma kafin komai, maigidanki ya shaida wa Yaya, a ji ta bakinsa.

Mai yiwuwa Yaya ya ce a'a, ko Hajiya ta nuna ba ta so. In haka ta faru ki haƙura da falon gaba ɗaya. Ba kowane shiru ne sanyi ba, wasu gidajen zama tare da cin tuwo a kwano ɗaya shi ne zumuncinsu, kuma sun gamsu. Sai ki ja matasa da yara tsakar gida ku yi naku bayan an tashi daga cin abinci. Sau da yawa dariyar waje ce take fito da na ciki ɗaya bayan ɗaya. Ko ki bar wasa kwata-kwata, ki roƙi a fito da tsofaffin hotunan gidan a riƙa miƙawa hannu-hannu. Hoton biki na shekarun 1980 yana buɗe bakin da kati 100 ba za su buɗe ba. Kuma ki nemi mutum ɗaya a dangin, facala ko yayar miji, ki riƙa ziyartarta a tsakiyar wata. Wadda take da ƙawa ɗaya a falo ba ta zama baƙuwa.

Kwalin da kika saya kada ki jefar, kuɗinki ne. Ya dace da ƙawayenki na makaranta, ko ke da maigidan ku biyu bayan Isha'i idan an shirya, kowa ya amsa abin da ya tambaya, ku fara da masu sauƙi. Sai dai wancan katin na wanda aka fara so, ki zare shi tun kafin ku zauna, don a wannan karon ke zai faɗa wa.